Jirin 'Yan Hollett

Talata, 9 ga Oktoba, 2018

Marnie ta faɗi yau a wajen atisayen gudu. Ina rubutawa ne tun da zafinsa, don na san halina, gobe zan fara rage wa abin nauyi.

Bakwai saura muka taru a bayan makaranta, ni da 'yan guduna goma sha ɗaya, hazon teku ya rufe tudu. A zagaye na biyu ta tsaya cak tana kallon takalminta. Na ce, "Hollett, me kika yar a ƙasa? Ɗaga ƙafa!" A fili haka nake kiranta kamar kowa, kada a ce ina lallaɓa ta don 'yar ƙanena ce. Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Gumi sharkaf, a wannan sanyin. Ta ce, "Ina aka kai jirgin?" Sai ta sulale.

Na ɗura mata ruwan lemu. Minti biyar ta tashi zaune tana dariya: "Gwaggo, me ya sa kowa ke kallona? Na yi abin kunya ne?"

Na kai ta gida wurin Mama. A can take zama, tunda uwarta Darlene tana can nesa a Alberta tana girki a sansanin ma'aikata, mako uku can, mako ɗaya nan. Mama ko ajiye saƙarta ba ta yi ba. "Jirin 'yan Hollett ne. Ke da karatunki kika fitar da yarinya ba ta karya ba." Ta yanka burodi, ta lafta masa baƙin maɗi, ta haɗa shayi mai sukari cokali uku. A wurinta magana ta ƙare.

A wurina ba ta ƙare ba.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Na ritsa Marnie bayan an tashi. Karo na nawa ke nan? Ta ce na biyu. Na tsare ta da ido. Ta ce na shida, tun Yuni. Kullum da safe, ko in ta daɗe ba ta ci ba. Kakarta ta ce kada ta gaya mini, wai zan tayar da gari.

Zan tayar kuwa.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Abincin Lahadi a gidan Mama: naman gishiri, kabeji, dankali, karas, kamar kowane mako tun ina yarinya. Ana kwashe faranti na miƙa hannu bayan agogon bango na zaro wasiƙun asibiti. Kowa ya san suna nan. Ni ma na sani, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Shekara uku da rasuwar ƙanena Cyril, uban Marnie. Shekararsa arba'in. Ƙari ne ya fito masa a fankiriyas, naman nan da ke bayan tumbi mai daidaita sukarin jini, kafin a gano ya riga ya kai hanta. Likitoci suka ce ciwon gado ne, yana bin jini, yana sa ƙari ya tsiro a wuya ko a ƙasan ƙwaƙwalwa ko a ciki. Duk wanda iyayensa ke da shi, rabi da rabi ne. Darlene ta kai Marnie aka gwada, tana da shi. Aka ce a riƙa kawo ta duk shekara. An kai ta sau ɗaya. Sauran kiran suna bayan agogo, ba a ko buɗe ba.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

"Ajiye mini kayana inda kika gan su."

"Ba naki ba ne, sunan Marnie ne a jiki."

"Cyril ya je wurinsu ai. Suka yanka mini ɗa suka dawo da shi a akwati."

"Ya je a makare, Mama!"

"Kakanki ya yi jirin nan, ubanki ya yi. A ba mutum abinci ya tashi. Me ya fi wannan sauƙi? Sai kin kai ta birni an tsorata ta?"

Marnie tana bakin famfo tana wanke faranti ɗaya tun da muka fara. Ta ce, ba ta ko juyo ba, "Akwai guda biyu da sunan Gwaggo Glenda ma."

Na ce wannan wata magana ce daban. Daban ce mana. Lafiyata ƙalau, shekarata arba'in da shida, ina gudun da yaran nan ba sa iya kamo ni a tudu. Ba zan zauna ina jiran kalanda ta gaya mini yadda nake ji ba.

Litinin, 15 ga Oktoba

Na kira Darlene, ta yi kuka, ta ce in yi duk abin da ya kamata. Na kira asibitin St. John's sau huɗu a lokacin hutun rana. Ba su san da wa suke yi ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Yau darasin gadon halitta da 'yan aji goma. Shekara ashirin ina zana akwatin nan mai gida huɗu a allo, launin ido, tsawon wake. Wani ya ce, "Malama, to in mutum bai duba ba, yana da shi ko ba shi da shi?" Na ce tambaya mai kyau, abin yana nan ko ba ya nan tun ranar da aka haife ka, dubawa ba ta sa shi, ba ta cire shi. Na ji daɗin amsar sosai har na tuna wa nake gaya wa.

Alewar da ke aljihun teburina ta yara ce. Galibi. Kowa yana jin yunwa wajen sha ɗaya.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Awa huɗu a mota zuwa birni. Likitar, Dakta Pardy, mace ce ƙarama mai magana a hankali, kuma Marnie take yi wa bayani, ba ni ba. Na so ta don wannan.

Tana zargin ƙaramin ƙari a fankiriyas wanda ke zuba insulin ba tsayawa, shi ke jan sukarin jini ƙasa. In an ci zaƙi sai abin ya lafa, shi ya sa ake iya shekaru ba a gane ba. Amma wata rana zai same ta a cikin ruwa, ko tana tuƙi, ko tana barci. Irin wannan ana cire shi, in an tabbatar. Hanyar tabbatarwa kuwa: a kwantar da ita, a hana ta abinci, ruwa kawai, har kwana uku in ta kama, ana ɗibar jini. Dole sai jirin ya zo a gabansu, su ɗebi jini a daidai lokacin, kafin a ba ta ko ƙwayar sukari.

Marnie ta ce, "Kwana uku? Kin san kakata kuwa?"

An hana ta gudu har sai an gama. Muka kamo hanyar gida a mota har muka yi rabi. Sannan ta ce, "Da na yi shiru da na je gasar lardi." Na ce da kin yi shiru da an ɗauko ki daga cikin daji a kan allon katako. Ta kunna rediyo.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Mama ta ce ba a taɓa hana ɗan adam abinci a ƙarƙashin kulawarta ba, ko maƙiyinta ne. Gaskiya ne. Mai karanta mitar wuta ma ba ya fita gidan nan bai sha shayi ba. Ta ce za ta bi mu. Na ce ta zo, da sharaɗi: ban da abinci. Ta ce, "Ni za ki kafa wa sharaɗi, Glenda? Ni na koya miki riƙe cokali."

Litinin, 19 ga Nuwamba

An fara gwajin ƙarfe takwas na safe, bayan Marnie ta karya. Mun yi kati, mun yi aikin lissafinta. Mama tana kujerar kusurwa tana saƙa safar hannu, bakinta a ɗaure. Marnie tana tsokanarta: "Tsohuwa, kin ga ban mutu ba, awa tara!" Mama ta ce, "Tsohuwa ce ta goya ubanki, marar kunya."

Talata, 20 ga Nuwamba

Cikin fushi nake rubuta wannan, ko za a iya karanta shi ban sani ba.

Awa ashirin da shida. Sukarin yana sauka a hankali, yadda ake so. Marnie ta fara yin fari, ta ce kanta ya yi nauyi. Ma'aikaciyar jinya ta ce mun kusa. Na fita in kira Darlene in gaya mata. Minti goma, ba ƙari.

Na dawo na tarar da Marnie kumatu sun yi ja, tana kallon taga. Da aka zo aka soki yatsa, sukari ya tashi sama. Ma'aikaciyar ta dubi na'urar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ɓurɓushi a kan bargo. Burodin maɗi, a cikin jakar saƙa, ƙarƙashin zare, tun daga gida ta taho da shi.

An soke gwajin. Sai an sami gado kuma, mako uku.

Na faɗa wa uwata maganganu a barandar asibiti da ban taɓa faɗa ba. Na ce kin kashe mana awa ashirin da shida na wahalar yarinya. Na ce da jahilci irin wannan muka rasa Cyril. Eh, na ce jahilci. Ta ce kawai, "Leɓenta ya yi fari." Sau biyu ta faɗa.

Ba zan ba ta haƙuri ba. Ni ke da gaskiya.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Ban je abincin Lahadi ba. Na ci wake na gwangwani a tsaye. Ya yi daɗi ma.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Marnie ta shigo ajina bayan an tashi, ta hau kan tebur, abin da na hana kowa.

"Ba zan koma ba."

Na fara zuba mata bayani, ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. "Na san duk wannan, Malama Hollett, na ci jarrabawarki. Ni na karɓi burodin. Ba ta tura mini a baki ba. Na ji tsoro, na ci."

Na ce tsoro ba laifi ba ne, amma ba a barinsa ya yi wa mutum zaɓi.

"Iyye! Maimaita, in rubuta." Ta ja aljihun teburina, ta zaro jakar alewa ta girgiza. "Ke kina da baki, Gwaggo. Kowa jahili ne, kowa matsoraci ne. Wasiƙarki shekara uku tana shan ƙura. In kin ba da jini, zan yi azumin. In ba ki ba, ni ma jirin gidanmu ne, a ba ni burodi."

Na ce ba a ciniki da lafiya. Ta ce to kada a yi. Ta ɗauki alewa ɗaya ta fita.

'Yar shekara sha biyar! Ni na koya mata gardama, da hujja da misali. Ga sakamakona.

Asabar, 1 ga Disamba

Na je gidan Mama da rana in kai mata ƙwan fitila, wai. Na same ta tana murza ƙullin burodi. Sai ta fara magana, idonta a kan ƙullin.

Ranar da Baba ya faɗa ruwa, shekara talatin da ɗaya ke nan, teku a kwance kamar faranti, babu iska, mutumin da ya girma a jirgi. Kowa ya ce ikon Allah. Ni ina sha biyar, ban tambaya ba. Ashe a ranar ya manta kwanon abincinsa a kan tebur. Ta gani bayan ya fita. Tana da wanki a kan wuta, ta ce bari ta gama ta kai masa bakin ruwa. Kafin ta isa ya tashi.

"Duk bayan awa biyu yake ci, kin sani. Da na ruga a lokacin, Glenda. Tafiyar minti huɗu ce."

Shekara talatin da ɗaya tana ɗauke da wannan kwanon, ba wanda ya sani.

Na ce, "Mama, ba kwanon ba ne. Ina kyautata zaton abin da ke cikin Marnie shi ne a cikin Baba. Ke kika riƙe shi da rai shekara ashirin da burodinki. Amma burodi ba ya cire shi. Wata rana dole a manta kwano. Ita ma wata rana za ta manta, kuma ba kya kusa."

Ta ci gaba da murzawa. Can ta ce, "Ana cirewa da gaske?"

Na ce ana cirewa.

Ban ba ta haƙuri ba. Na dai shafa wa kwanonin gasa burodi mai, guda shida, ba ta ce in yi ba.

Litinin, 10 ga Disamba

Na ba da jinin. Kwalba biyu, minti uku, bayan wata mata ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da nake koyarwa tun kafin ta gama makaranta. Marnie ta tsaya a kaina kamar 'yar sanda. "Kada ki suma fa, Hollett. Ɗaga kai!" Don ita na yi. Ba don komai ba. Sakamako sai bayan makonni, ba ma sai na karɓa ba.

An fara azumin ƙarfe takwas. Mama ta shigo ɗakin, ta nufi ma'aikaciyar jinyar nan ta wancan karon, ta kife jakar saƙarta a kan gado. Zare, allurai, tabarau. Ta zaro aljihun rigarta duka biyu. "Duba da kyau, 'yata, ni ɓarauniya ce, an sani."

Da aka kawo mata shayi ta mayar. Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai yarinya ta ci. Shekararta saba'in da shida. Na yi faɗa, ma'aikaciyar ta yi faɗa. Da ƙyar ta yarda da miya da rana, a waje, tana ci tana harararmu.

Talata, 11 ga Disamba

Awa ashirin da takwas, sha biyun rana ta ɗan gota.

Gumi ya fara karyo wa Marnie, sai rawar hannu. Ta dube ni ta ce, "Baba, ka ɗaure jirgin?" Na danna ƙararrawa. Aka soki yatsa, sukari ya faɗi ƙasa sosai. Sai a ɗebi jini daga jijiya kafin a ba ta komai, jijiyar kuma ta ɓuya. Suna nema, suna nema. Marnie tana surutai, idonta yana juyawa.

Mama ta miƙe. A kan teburin gefe akwai kwalin ruwan lemu da aka ajiye don bayan an gama. Na ga idonta a kansa. Na tare gabanta na kama hannayenta biyu. Ƙarfin matar nan!

"Sake ni, Glenda."

"A'a."

"Leɓenta..."

"Na gani, Mama. Minti biyu. Tsaya da ni."

Ta daina ja. Ta damƙe yatsuna har ƙashi, ta rufe ido tana karanta addu'ar Ubangiji da ƙarfi, tana tsallake layi. Ni ce na ce minti biyu, amma na rantse da ta sake ni da ni zan ɗauki lemun. Ban san wa ke riƙe da wa ba.

Jini ya fito. Kwalba ta cika. Aka tura mata ruwan sukari ta jijiya, kafin a ƙirga ɗari ta buɗe ido. "Na yi? Tsohuwa, kuka kike?"

"Albasa ce," in ji Mama. A asibiti.

Ma'aikaciyar ta ce yanzu a ba ta duk abin da take so. Mama ta tura ni mota. A ƙarƙashin kujerar baya, a naɗe cikin tawul, burodin maɗi guda goma sha biyu. Har likita ta ci.

Alhamis, 20 ga Disamba

An tabbatar. Hoto ya nuna shi, ɗaya ne, bai kai ƙwayar inabi ba. Ɗan wannan abin. Na daɗe ina kallonsa ina tunanin Baba.

Talata, 15 ga Janairu, 2019

An cire. Awa uku da rabi. Darlene ta zo, ta ce ta nemi aiki a nan kusa. Dakta Pardy ta ce ba a gama ba, ciwon gadon yana nan, za a riƙa duba ta duk shekara har tsufanta, wani na iya tsirowa. Marnie, da bututu a hanci, ta ce, "Ya tsiro mana. Mun san gidansu yanzu."

Laraba, 30 ga Janairu

Sun kira ni daga asibiti ana hutun rana. Na ce ina da aji.

Juma'a, 1 ga Fabrairu

Na kira su. Ina da shi.

To. Rabi da rabi ne dama, ba wani abin mamaki. Na koma aji na koyar da numfashin tsirrai, kuma darasin ya yi kyau.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Abincin Lahadi. Tun bayan aikin Marnie ba ta farka da jiri ba, jiya har ta manta karin kumallo sai sha ɗaya, ba abin da ya faru. Mama ba ta yarda ba tukuna, tana bin ta da faranti. Wai likita ta ce a watan Afrilu za ta iya fara gudu a hankali. A hankali! Za mu gani.

Wasiƙata ta zo ranar Alhamis: hoto da gwajin jini, 4 ga Maris. A waya matar asibitin ta tambaye ni ko ina da wata alama. Na ce babu. Sai na ce, to, akwai alewa a aljihun tebur, shekara biyu. Ta ce in gaya wa likita. Ƙila a kwantar da ni ni ma. Ba lallai ba.

Na kawo wasiƙar gidan Mama, ban san dalili ba. Ta karanta da tabarau, a hankali, har ƙasa. Ta tashi ta nufi agogo, na buɗe baki zan yi magana. A gabansa ta jingina ta, inda kowa zai gani.

"Huɗu ga Maris," in ji ta. "Zan zo. Kada ki ce mini komai."

Marnie ta ce, "Ni zan caje jakar."

Na ce ba na bukatar rakiya, tafiyar awa huɗu ce, na yi ta sau ɗari. Ba wanda ya kula ni. Ban maimaita ba.

Ina rubuta wannan a mota a ƙofar gidan, ban tayar ba tukuna. Hannuna na ɗan rawa. Na ci naman gishiri faranti biyu ko rabin awa ba a yi ba, don haka ba jirin 'yan Hollett ba ne.

Mama tana taga tana kallona. Bari in koma in sha shayi.